Sautin da Kunne Ba Ya Ji da Ingancin Tukunyar Sanholo

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Sabon Gari zai ga tukwanen sanholo, wato alminiyam, jere reras. Maƙeran gida ne suke narka tsofaffin ƙarafa su zuba a mazubin yashi. Sai dai sau da yawa tukunyar kan tsage ko ta yi yoyo tun ba a more ta ba.

Sanholo yana narkewa a ma'aunin zafi 660. Yayin da yake sandarewa, ƙwayoyi masu rassa kamar bishiya ke tsirowa a cikinsa. Idan ya huce sannu a hankali cikin yashi, sai ƙwayoyin su yi manya. Masana biyu a Ingila, Hall a 1951 da Petch a 1953, sun nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar ƙwayoyin, gwargwadon ƙarfin ƙarfen. Bugu da ƙari, iskar haidurojin da narkakken ƙarfe ke sha daga damshi takan bar ƙananan ramuka.

A nan ne sauti ke da amfani. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da karkarwarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa, irin wanda jemage ke laluben hanya da shi. Idan aka tsoma sanda mai irin wannan karkarwa cikin narkakken sanholo, kumfa ƙanana kan taso su fashe da ƙarfi. Fashewar tana kakkarya rassan nan, kowane gutsure ya zama irin sabuwar ƙwaya, kumfan kuma su yi awon gaba da haidurojin.

Masu shakka za su ce na'urar tana da tsada, ga matsalar lantarki. Wannan gaskiya ne ga maƙeri guda, amma ba ga ƙungiya ba. Ya kamata Tsangayar Injiniya ta Jami'ar Bayero ta jarraba na'ura ɗaya tare da maƙeran Fagge da kewaye, a auna tukwanen, a sanar da jama'a sakamakon.

Amma akwai hanzari. Sauti ba ya cire dalma daga tarkacen da aka narka, kuma abin da gubarta ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ya isa darasi. Tilas tantance tarkace ya zo gaba da komai, domin a tukunyar nan ake dafa tuwon iyali.