Ina Aka Rubuta Sunan Kakarka?



Yau wata 'yar jarrabawa na zo mana da ita. Kowa ya ƙirga iyayensa maza, daga mahaifinsa ya yi sama. Mafi yawanmu za mu kai uku, mai ƙoƙari ya kai biyar, daga nan sai a ce "ai daga Katsina suka zo," magana ta ƙare. To, yanzu mu koma ɓangaren mata. Mene ne sunan yanka na matar da ta haifi kakarka? 'Yar wane gari ce? Da wane harshe aka yi mata renon yarinta? A nan fa kowa ke yin shiru. Ra'ayina shi ne wannan shirun asara ce babba, kuma muna iya tsayar da ita idan muka bi takardun da suka rage mana, sannan muka buɗe sabon littafi a masallatanmu tun yanzu.

Bari in fara da yadda wasu suka yi nasu. A shekarar 1538, Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na 8 na Ingila, ya ba da umarni cewa kowace cocin unguwa ta ajiye littafi, a riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, da duk auren da aka ɗaura, da duk wanda aka binne, a kuma kulle littafin a akwati mai makulli biyu. A 1563 Cocin Katolika ita ma ta wajabta wa limamanta rubuta baftisma da aure. Gwamnatin Ingila ba ta fara nata rajistar haihuwa da mutuwa ba sai 1837. Wato kusan shekara 300 limaman ƙauye ne suka riƙe wannan aiki. Shi ya sa a yau jikan wani manomi da ya yi ƙaura zuwa Amurka ko Ostireliya yake iya komawa ƙauyensu ya bi sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabtanmu Kiristoci ma a nan jihar, da yawansu suna da katin baftisma mai ɗauke da sunan uwa da na uba da ranar haihuwa.

Ba wayo Turawa suka fi mu ba, kuma ba su riga mu sanin darajar nasaba ba. Abu biyu ne ya ba littafinsu ƙarfi. Na ɗaya, a ranar da abu ya faru ake rubuta shi. Na biyu, kowa ake rubutawa, da ɗan sarki da ɗan mai wanki, da namiji da mace. Mu kuwa salsalarmu a bakin maroƙa da 'yan fada take, kuma maroƙi ba ya wasa wanda ba shi da abin ba shi. Saboda haka za ka ji jerin sarakuna tiryan-tiryan, amma ba za ka ji sunan matar da ta kwana tana dafa gishiri ba, alhali kuwa gishirin nan shi ne ya jawo fatake zuwa Awe da Azara da Keana tun farko.

Ga kuma al'adarmu ta alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta faɗin sunan miji ko na suruki. Tsohuwa za ta yi shekara 80 ana kiranta Goggo ko Inna ko Ladi, ta rasu jikokinta ba su san sunan da aka raɗa mata ba. Makarantar boko ta zo ta ƙara dagula lissafi: 'ya'yan mutum ɗaya, wannan ya ɗauki sunan uba, wancan na kaka, na uku na gari, na huɗu na kawun da ya riƙe shi.

To, shin ba mu da komai ke nan? Muna da shi, sai dai a warwatse yake.

Na farko, littafin alƙali. A ganina shi ne ya fi kama da littafin cocin Turawa, domin ba a raba gado a shari'ar Musulunci sai an lissafa magada kaf: matan mamaci da za su ɗauki tumuni, da 'ya'ya maza da mata, da iyayensa idan suna raye. Takardar rabon gado guda ɗaya tana iya ba ka sunayen mutum goma sha, har da matan da salsalar baka ta tsallake. Ku nemi irin waɗannan takardu a adakar tsofaffi, ku kuma tambaya a kotunan da suka gaji kotunan alƙalai.

Na biyu, gafakar malam. Malamanmu na da sukan rubuta haihuwa ko rasuwa a gefen kundi ko a bangon littafi, kuma wanda ya kwafi littafi da hannu yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci har da gari da shekara. Duk gidan da aka gaji malanta, a buɗe gafakar nan a hankali kafin gara ta gama da ita.

Na uku, takardun zamanin En'e. Turawa don haraji suka ƙirga mu, ba don Allah ba, amma duk da haka jami'ansu sun rubuta rahotanni a kan gundumomi, da tarihin garuruwa kamar yadda dattawan lokacin suka faɗa musu. Irin waɗannan fayiloli suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ga kuma Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna. Mai nema ya tuna cewa Jihar Nasarawa a 1996 aka yanke ta daga Filato, Filato kuma a 1976 ta fita daga Binuwai-Filato. Kafin a yi jihohi a 1967, ƙasar Lafiya tana Lardin Binuwai ne mai hedikwata a Makurɗi. Wanda ya je yana neman sunan jiharmu ta yanzu zai dawo hannu rabbana.

Na huɗu, kuma wanda ya fi gaggawa, tsofaffi, musamman mata. Kowace waya yanzu tana ɗaukar murya. Kada ka ce wa tsohuwa "a wace shekara?" Ka ce mata, "Goggo, da aka kashe Sardauna kin yi aure?" Wannan 1966 ke nan. Zuwan Sarauniya 1956 ne, komawa tuƙi ta hannun dama 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, rasuwar Murtala 1976. Idan ta ce babanta ya yi aikin gadar jirgi ta Makurɗi, an buɗe gadar a 1932. Ka kuma zauna da tsohon wanzami, shi ya san askar kowane gida da inda ta samo asali.

Na san abin da wasu za su ce: garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Gaskiya ne, mai bincike yana iya tarar da cewa kakar da ake ce wa Bakatsiniya ashe Bajukuna ce ko 'yar Alago, ko kuwa wani kakan da bauta aka kawo shi. To, sai me? Fataken da suka zo nan ba duka ne suka zo da mata ba, a nan da yawansu suka yi aure. Wanda ya goge sunan matar da ta haifi kakansa don kunya, ya yanke zumuncin da addini ya ce a sadar, kuma jingina kai ga uban da ba naka ba laifi ne da malamai suka yi gargaɗi a kansa ƙwarai. Gara ka rubuta "ba mu sani ba" da ka ƙago wa kanka ɗan sarki.

Akwai kuma tsoron kada nasaba ta zama makami a rigimar ɗan ƙasa da baƙo. Wannan tsoro yana da tushe. Ba mu manta da watan Yunin 2001 ba, lokacin da aka kashe Sarkin Azara, Alhaji Musa Ibrahim, rikici ya biyo baya a kudancin jihar nan, aka yi asarar rayuka, dubban mutane, akasarinsu Tibi, suka bar gidajensu. A watan Satumba na shekarar kuma Jos ta kama da wuta, inda 'yan'uwanmu ne ake kira baƙi. Sai dai ni abin da na lura, salsalar da aka tace aka bar maza zalla ita ce ke sa mutum ya ɗauka jininsa bai haɗu da na kowa ba. Wanda ya ga sunan kakarsa 'yar Keana ko 'yar Wukari a rubuce, zai yi tunani sau biyu kafin ya kira wani bare.

Don haka ga shawarata ga limamanmu da masu unguwanni. Kowane masallacin Juma'a ya sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, a raba shi uku: suna, ɗaurin aure, jana'iza. A rubuta sunan yanka da laƙabi, da sunan uba da na uwa da na iyayensu, da unguwa, da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya. Limami ai yana wurin duka ukun, minti biyar kawai zai ƙara. Duk ƙarshen shekara a ɗauki hoton shafukan, a ajiye kwafi a fada, wani a wajen amintaccen mutum a wani gari, saboda gobara da ruwa. Wannan ba zai maye gurbin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ba, wadda dokar 1992 ta wajabta, kowa ya je ya karɓar wa ɗansa. Amma takardar hukuma a hannun mutum ɗaya take, tana ɓata, shi kuwa littafin masallaci na unguwa ne baki ɗaya.

Kafin limamai su fara, kai fara da gidanku. Juma'ar nan, idan an sauko, ka sayi goro ka je gaida tsohuwar da ta fi kowa shekaru a danginku, da littafi da biro a aljihunka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda ba mu sani ba. Wassalam.