Wai Haraji Yana Korar Attajirai Daga Ƙasarsu?

Duk lokacin da wata gwamnati ta ce za ta ƙara wa masu kuɗi haraji, amsa ɗaya ake ba ta: kada ki kuskura, za su tattara su bar ƙasar, ki tashi ba tsuntsu ba tarko. An faɗa a Faransa, an faɗa a Ingila, an faɗa a Nowe, kuma a ƙasashen da muke zaune ma ana faɗa, cikin murya ƙasa-ƙasa.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da rigimar masu jirgin sama? Da ruwanmu. Gwamnati ba ta fasa neman kuɗi don ta ji tsoron attajiri, sai dai ta juya ta nemi wanda ba zai iya gudu ba. 'Yan uwanmu na Gana sun san harajin tura kuɗi ta waya da aka fara cira a 2022, kashi 1.5 cikin 100, aka rage shi zuwa kashi 1, sannan aka soke shi a 2025. Na Kamaru sun san nasu na kashi 0.2 da ya zo a shekarar 2022 ɗin. Irin wannan haraji ba ya tambayar ko kai mai kamfani ne ko mai tiren goro da ke aika wa tsohuwarsa kuɗin cefane. Saboda haka in maganar gudun attajirai gaskiya ce, gara mu sani. In kuma barazana ce kawai, shi ma gara mu sani.

Bari mu fara da Nowe, domin can ne abin ya fi fitowa fili. Ƙasa ce mai mutum kimanin miliyan 5.5, mai arzikin man fetur da kifi, kuma tana cikin 'yan tsirarun ƙasashen Turai da har yanzu suke karɓar harajin dukiya. Wannan ba harajin riba ba ne. A ƙarshen kowace shekara ake lissafa abin da mutum ya mallaka, gida da hannun jari da kuɗin banki, a cire bashin da ake bin sa, in ya haura wani ƙima sai a yanki wani abu a kai. Wanda ya saba fitar da zakka zai gane tsarin nan take, sai dai tasu ba ta kai kashi 2.5 ba. A 2022 gwamnatin Jonas Gahr Store ta ɗaga shi zuwa kashi 1.1 ga mafiya arziki.

Kashi 1.1, ka ji kamar ba komai. Amma akwai ƙulli a ciki. Dukiyar babban attajiri ba a akwati take ba, tana cikin kamfani ne, jiragen ruwa da injina da hannun jari. In aka ce ya biya a kan darajar kamfanin, dole ya ciro kuɗi daga kamfanin, kuma ciro ribar nan ma akwai nata harajin, wanda aka ɗaga ya kusa kashi 38. Ga shi kuma an rage rangwamen da ake yi wa hannun jari wajen ƙiyasta darajarsa. Uku a haɗe kenan. Ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da kaya da araha don kawai ya biya kuɗin hayar shago ya san irin wannan zafi.

A watan Satumba na 2022 Kjell Inge Rokke, mutumin da ya fara da aikin jirgin kamun kifi har ya zama mai babban kamfanin Aker, ya sanar cewa ya koma birnin Lugano a Suwizalan. Wasu gommai suka bi sahu a wannan shekara da ta bayanta. Wannan gaskiya ce, kuma duk mai cewa haraji ba ya korar kowa, to ya je ya yi wa mutanen Nowe bayani. Baitulmali ya yi asarar abin da waɗannan mutane suke biya, kuma ba ƙaramin abu ba ne, domin wasunsu suna biyan abin da ma'aikata masu yawa ba sa biya.

Amma duba abin da ya tafi da abin da ya zauna. Rokke ya tafi, Aker yana nan Nowe, da ofisoshinsa da ma'aikatansa, yana biyan harajin kamfani kamar yadda ya saba. Gonakin kifin da ke bakin teku ba su shiga jirgi ba. Rijiyoyin mai ba su motsa ba. Adireshin maigida ne ya canza. Kuma a zaɓen Satumba na 2025, inda harajin dukiya ya kasance cikin manyan abubuwan da aka yi ta cacar baki a kansu, ɓangaren Store ne ya sake cin zaɓe. Jama'a sun ga masu tafiya, suka auna, suka ce a ci gaba.

Mu wannan darasi ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun rayu da haraji da jangali. In lokacin ƙidaya ya zo, Bafillatani yana iya kora garkensa ya tsallaka wata gunduma, ko wata ƙasa ma, kafin masu ƙirga su iso. Manomi fa? Gona ba ta da ƙafa. Dagaci ya san ƙofar gidansa, ya san yawan mazan da ke ciki. Har Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979, kowa ya san wa ke iya zillewa da wanda ba ya iyawa. Ni a ganina tambayar ba ita ce ko mutum attajiri ne ba. Tambayar ita ce, dukiyarsa irin ta makiyayi ce ko irin ta manomi? Matatar man Ɗangote da ke Lekki ba za ta tashi ta koma Dubai ba ko da an ninka haraji. Amma mai hannun jari a takarda, da kwamfuta ɗaya a jaka, shi kam garkensa yana aljihu.

Labarin Faransa ba zan daɗe a kai ba, don hayaniyarsa ta fi aikinsa. Shugaba Hollande ya zo a 2012 da harajin kashi 75 a kan abin da ya haura Yuro miliyan 1 a shekara. Ɗan wasan fim Gerard Depardieu ya yi fushi ya koma wani ƙauye a Beljiyam dab da iyaka, Putin kuma ya ba shi fasfon Rasha a farkon 2013. Bernard Arnault, wanda ya fi kowa kuɗi a ƙasar, ya nemi takardar zama ɗan Beljiyam, daga baya ya janye. Harajin kansa kotu ta yi watsi da tsarinsa na farko, aka gyara, ya yi shekara biyu ya mutu ba tare da ya tara wani abin kirki ba. Duniya ta riƙe sunan mutum ɗaya da ya tafi, ba wanda ya ƙirga dubban da suka zauna.

Wanda ya zauna ya ƙirga shi ne wani malamin jami'a a Amurka, Cristobal Young, da abokan aikinsa. A Amurka kowace jiha da nata harajin, wasu kamar Florida ba sa karɓar harajin kuɗin shiga sam, kuma ƙaura daga jiha zuwa jiha ba ta bukatar biza ko fasfo. In akwai inda attajiri zai gudu cikin sauƙi, to can ne. Suka duba takardun haraji miliyan 45 na shekara 13, daga 1999 zuwa 2011. Abin da suka samu: cikin masu samun dala miliyan 1 ko fiye a shekara, kashi 2.4 cikin 100 ne ke canza jiha kowace shekara. A jama'a gaba ɗaya kashi 2.9 ne. A masu ƙaramin ƙarfi kuwa kashi 4.5. Wato talaka ya fi attajiri ƙaura, kusan ninki biyu.

Wannan bai kamata ya ba wani mai karanta wannan shafi mamaki ba. Wa ya bar gida cikinmu don kuɗi sun yi masa yawa? Yaro ne ke ɗaukar jaka ya hau mota, mai neman inda zai fara. Wanda ya kafu, mai shekara 20 a Kumasi ko Duwala ko Kwatano, tambaye shi me zai sa ya tashi. Abokan cinikinsa suna nan. Mutumin da ke ba shi kaya bashi ba takarda, don ya san shi tun yana yaron shago, yana nan. Ya san jami'in da ake gaisarwa da wanda ake kauce wa. Uwargida tana da adashinta da maƙwabtanta, yara suna tsakiyar makaranta, babbar 'yar an kawo kuɗin gaisuwarta. Duk wannan jari ne, kuma ba ya shiga akwati. Attajirin Turai ma haka yake, sai dai nasa lauyoyi ne da abokan hulɗa da 'yan majalisar da ke ɗaukar wayarsa. Inda ya yi kuɗin, nan ne ake sanin ko shi wane ne. A Lugano shi wani baƙo ne mai kuɗi cikin baƙi masu kuɗi.

To su wa ke tafiya? Wanda ya gama nema, ya sayar da kamfani ko ya miƙa wa 'ya'ya. Wanda sana'arsa ke jikinsa, kamar 'yan ƙwallo, waɗanda bincike ya nuna suna bin inda haraji ya yi sauƙi. Sai kuma baƙo, wanda dama ba shi da saiwa a ƙasar. Ingila ta daɗe da wani tsari, fiye da shekara 200, da ke barin baƙon da ke zaune a can ya ƙi biyan haraji a kan abin da ya samu a waje. An soke shi a watan Afrilu na 2025, kuma manyan baƙi irin su Nassef Sawiris na Masar sun tattara. Ba abin mamaki, tun farko rangwamen yana cikin abin da ya zaunar da su. Kuma akwai masu shimfiɗa musu tabarma: Italiya ta ce baƙo mai kuɗi ya biya dunƙulen Yuro 100,000 a shekara a kan duk abin da yake samu a waje, ta ninka shi zuwa 200,000 a 2024, Dubai kuma ba ta karɓar harajin kuɗin shiga a hannun mutum. A nan sai a yi hattara da alƙaluman da jaridu ke yaɗawa na dubban attajiran da wai suka gudu. Mafi shahararsu suna fitowa ne daga kamfanin da sana'arsa ita ce taya masu kuɗi neman fasfo da izinin zama a wata ƙasa. Mai talla ba ya cewa kasuwa ta mutu.

Mu ma baƙi ne, amma abin da ya taɓa tayar da mu ba haraji ba ne. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. A 1983 Nijeriya ta rama wa nata baƙin. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta ce baƙon da zai yi kasuwancin saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan 1, kuma a kanta aka riƙa garƙame shagunan 'yan Nijeriya a 2019 da 2020. Ɗan kasuwa yana iya lissafa haraji ya sa shi cikin farashi. Abin da ba ya iya lissafawa shi ne ya wayi gari ya ga kwaɗo a ƙofar shagonsa. Na tabbata da yawanmu za su yarda su biya fiye da abin da suke biya yanzu, in har rasit ɗaya ne, a ofis ɗaya, kuma ba wanda zai sake tare su a hanya.

Abin da ya fi damuna ma ba tafiyar mutum ba ce, tafiyar kuɗin ce mutumin yana zaune. Takardun Panama da suka fallasa a 2016 sun nuna yadda attajirai da 'yan siyasa, har da na Afirka ta Yamma, suke kwana a gidajensu dukiyarsu tana kwana a wani tsibiri da sunan kamfanin da ba shi da ko tebur. Wannan ba ya bukatar sallama da dangi. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi: ana ta muhawara a kan wanda zai gudu, wanda bai gudu ba kuma ba ya biya.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske ba su tsaya roƙo ba. Amurka tana bin ɗan ƙasarta da haraji duk inda yake zaune a duniya, sai in ya ajiye fasfon, kamar yadda Eduardo Saverin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, ya yi kafin a sa kamfanin a kasuwar hannun jari a 2012, kuma ajiyewar ma akwai kuɗin fita. Nowe ta ƙarfafa nata harajin fitar bayan tafiyar su Rokke: ribar da hannun jarinka ya tara kana ƙasar, za ka biya a kanta ko ka tafi. Dokarsu kuma ta ce wanda yake son a daina lissafa shi mazaunin ƙasar kada ya wuce kwana 61 a cikinta a shekara. Ka yi tunanin mutum da kalanda a hannu, yana auna ko zai je bikin jikarsa ko ya ajiye kwanakin saboda rashin lafiyar yayarsa.

Ingvar Kamprad, mai kamfanin kayan ɗaki na IKEA, ya bar Suwidin a 1973 lokacin da haraji ya yi tsanani, ya yi kusan shekara 40 a Suwizalan. Suwidin ta soke harajin gado, ta soke na dukiya a 2007, bai dawo ba. Sai bayan matarsa ta rasu a 2011 ya ce yana son zama kusa da danginsa da tsofaffin abokansa. Ya koma a 2014, kusa da garin da ya buɗe shagonsa na farko, kuma a can ya rasu a 2018 yana da shekara 91.