A Zana Wa Yaranmu Log Su Gani Da Idonsu

Ni ɗan mai goro ne, a Sabon Shagamu aka haife ni, kuma karatuna bai wuce sakandare ba, don haka malaman lissafi su yi mini afuwa.

Ƙanena ne ya sa ni wannan rubutu. Yaron nan in an sauke huhun goro a rumfar Baba, kafin a ɗauko kalkuleta ya gama lissafin kuɗin dako da na mota da ribar da za ta rage. Amma ya zauna WAEC ya faɗi lissafi, kuma kun san in babu kiredit a lissafi, shiga fannoni da yawa a jami'a sai dai a ji a salansa. Baba ya ce tunda kan ba ya ja, ya dawo rumfa. Da kyar na roƙa aka ƙara masa shekara guda.

Da muka fara bita, na tambaye shi log ɗin 100, ya ce 2. Na ce don me? Ya yi shiru. Tebur aka ba shi ya haddace, ba a taɓa sa shi ya zana abin ba. A ganina nan gizo ke saƙar.

Sai na ce masa, jarin naira 10,000 sau nawa zai ninka kafin ya kai 80,000? Nan take ya ce sau 3: 20, 40, 80. Na ce to ka yi log ke nan, mai tushe 2. Log tambaya ce kawai: sau nawa aka ninka? Mai tushe 10 ma haka yake, sai dai ninki goma-goma ake yi.

Muka ɗauko littafin giraf muka ɗiga: 1 ya ba da 0, 10 ya ba da 1, 100 ya ba da 2. Da ya haɗa ɗigon sai ya ga layin ya tashi da sauri, sannan ya riƙa hawa a hankali kamar tsoho a kan tudu. Ta hagu kuwa yana ta gangarawa kusa da layin tsaye amma ba ya taɓa shi, domin sifili ba shi da log, haka ma lambar da ke ƙasa da sifili.

Daga nan muka shiga matsar da zanen. In ka ƙara 2 a wajen log, zanen duka ya hau sama da taki 2. In ka sa alamar ragi a gabansa, ya kife ƙasa. Inda ya rikice shi ne log(x − 3), don ya ɗauka hagu zai tafi tunda ragi ne. Na ce masa, in ana bin ka bashin naira 3, nawa za ka samu kafin naira 1 ta zama taka? Ya ce 4. To shi ya sa zanen ke ratsa layin kwance a kan 4 maimakon 1, wato dama ya matsa.

Wani zai ce malami mai aji cike da yara ina ya ga lokacin zane. Gaskiya ne, amma mu da maraice ɗaya muka yi. John Napier da ya fito da log a 1614 don sauƙaƙa doguwar ninkawa ya yi shi. Yau waya na yin wannan aikin, abin da ya rage wa ɗalibi shi ne fahimta.

Kirana ga iyayenmu, kada a yanke wa yaro hukunci da takardar sakamako kaɗai. Mu kuma yayye da muka ɗan leƙa aji, mu zauna da ƙannenmu bayan magariba, da fensir da rula. Ƙanena zai sake zama jarrabawa, ku sa shi a addu'a.

Wassalam.