Wane Irin Zaman Tare Ne Wannan?

Sau da yawa za ka ji ana buga misali da ƙasar Niyu Zilan a ajujuwan jami'o'in nan, wai can ne Turawa 'yan kama-wuri-zauna da 'yan asalin ƙasa, wato Maori, suka iya zaman tare. Ni dai ban yarda ba, kuma marubutan Maori su ne shaiduna.

Tun ran gini tun ran zane. Yarjejeniyar Waitangi ta 1840 iri biyu ce. Ta Turanci ta ce sarakunan Maori sun miƙa mulki ɗungurungum ga Sarauniyar Ingila. Ta harshen Maori kuwa, wadda yawancinsu suka sa wa hannu, ta bar musu sarautarsu a kan ƙasarsu. Daga nan filaye suka yi ta salwanta, dokar makarantu ta 1867 ta fifita Turanci, aka riƙa dukan yara saboda sun yi harshen uwa. Sai a 1973 aka buga dogon ƙagaggen labari na farko daga alƙalamin ɗan Maori, wato Tangi na Witi Ihimaera. Shekara 133 ɓangare ɗaya ne ke ba da labari!

Shi ya sa nake jinjina wa Patricia Grace. A littafinta Potiki na 1986, labarin wata al'umma ta bakin teku da attajirai ke son raba ta da filinta don gina wurin shaƙatawa, ta zuba kalmomin Maori, ta ƙi fassara su. Wasu suka yi ƙorafi. To, yaron Maori da aka tilasta wa Turanci, wa ya tausaya masa? Haka da Keri Hulme ta ci kyautar marubutan Maori da The Bone People, marubuci C. K. Stead ya fito a 1985 yana shakkar cancantarta a matsayin 'yar Maori. Ashe har asalinka sai baƙo ya auna maka?

Za a ce ai an gyara, tunda an kafa kotun sauraren koken Waitangi a 1975, harshen Maori ya zama na hukuma a 1987. Gaskiya ne, amma da zanga-zanga da takardun koke aka ƙwato su. Ko a 2024 an kai ƙudurin sake fassara yarjejeniyar, sai da dubban mutane suka yi tattaki zuwa majalisa, kafin a kayar da shi a 2025.

'Yan'uwa ɗalibai, mu ma kullum mu ke fassara kanmu ga masu masaukinmu. Zaman da mutum ɗaya ke ɗaukar duk nauyin fahimtar ɗan'uwansa haƙuri ne kawai, kada mu yarda a kira shi zaman tare.