Tumatirin Kudan da Ikara: A Kwando Asarar Take Farawa

A matsayina na ɗalibin harshe, nakan lura cewa Bahaushe yana da rumbu domin hatsi, amma ba shi da sunan ma'ajiyar ɗanyen tumatir. Abin da ya sani shi ne kauɗa, wato a yanka a shanya a rana. Manomin rake a Makarfi ya fi sa'a, domin in kasuwa ta faɗi yana iya dafa mazarƙwaila ya ajiye. Na tumatir a Kudan da Ikara kuwa, ko dai ya sayar yau a farashin da dillali ya yanka, ko ya zubar jibi.

An kafa kamfanin sarrafa tumatir na Ikara a 1981 domin magance wannan matsala, amma ya shafe shekaru da dama a rufe. Har yanzu da an taɓo batun, sai a koma zancen farfaɗo da shi.

Ni a ganina, asarar tun daga kwando take farawa. Ana jibga kwando bisa kwando a tirela, na sama yana matse na ƙasa, a yi ta tafiya cikin zafi har kasuwar Mile 12 a Legas. Akwatin roba kuwa, nauyin yana sauka ne a kan gefunansa, tumatir ya tsira.

Sai dai akwatin yana da tsada, kuma dole a dawo da shi Arewa fanko. Nan ne ya kamata ƙananan hukumomin uku su haɗa kai da ƙungiyoyin manoma: a gina rumfunan tara kaya masu inuwa a bakin kasuwanni, a riƙa ba da hayar akwatuna, da rajistar fitarsu da dawowarsu.