Kafin ku karɓi makulli: Darasin da Kumasi ta koya mana kan zaɓen otal

 

A makon jiya wata ɗaliba 'yar aji biyar daga Zariya ta rubuto mana cewa ƙungiyar nazarin tarihi ta makarantarsu na shirin zuwa Ghana a dogon hutu, kuma an sanya ta a kwamitin neman masauki. Tambayarta gajera ce: "Yaya ake gane otal mai kyau alhali mutum bai taɓa taka garin ba?" Wannan tambaya ta sosa mana inda yake mana ƙaiƙayi, domin mu ma sai da muka yi asara kafin muka san amsarta.

Daren farko a Kumasi

Shekarun baya mun raka ɗalibai 16, maza 10 da mata 6, ziyarar ilimi zuwa Kumasi, babban birnin yankin Ashanti. Ta mota muka tafi: daga Kano zuwa Legas, muka ƙetare iyaka a Seme, muka ratsa Kwatano da Lome, muka shiga Ghana ta Aflao, daga Akra kuma muka miƙa arewa kimanin kilomita 250. Takardu ba su ba mu wahala ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Ghana ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, kuma kowa na riƙe da fasfonsa da katin rigakafin cutar shawara. Inda muka yi sakaci shi ne wurin kwana.

Tun muna gida muka ga wani otal a intanet. Hotunan sun yi kyau, gado fari fat, labule har ƙasa, farashi kuma kusan rabin na sauran. Ba mu tambayi kowa ba, muka tura kuɗin kwana huɗu gaba ɗaya daga cikin abin da iyayen yara suka tara.

Bayan ƙarfe 11 na dare muka isa, a gajiye liƙis. Ashe ɗakunan da ke cikin hoton guda biyu ne kacal a gidan, kuma akwai mutane a ciki. Namu suna can baya. Famfo ba ruwa, sakatar ɗakin 'yan mata a karye, ga mashaya a ƙasan benen ana kiɗa har kusan asuba. Malamar da ke tare da mu kujera ta jawo ta tokare bakin ƙofar 'yan matan, a zaune ta kwana. Wani ɗan aji huɗu ya dube mu ya ce, "Malam, nan ne wurin da kuka nuna mana a waya?" Babu wanda ya iya ba shi amsa.

Da gari ya waye muka nemi a mayar mana da kuɗin kwana ukun da suka rage. Ba mu da wata takarda da ta ce za a mayar, saboda haka da ƙyar da jiɓin goshi muka samu rabi. Giɓin da aka samu shi ya sa muka soke zuwa tafkin Bosomtwe, wanda wani dutse da ya faɗo daga sararin samaniya ya haƙa, kuma shi ne wurin da yaran suka fi ɗokin gani. Sakacinmu ne, amma su suka biya.

Dattijon Zango

Da azahar muka je sallah a unguwar Zango, inda Hausa ke yawo a bakin jama'a kamar kana Fagge, ko da yake tasu ta ɗan bambanta da tamu. Wani dattijo ya ga baƙin fuska ya yi mana sannu da zuwa. Da ya ji labarinmu sai ya girgiza kai ya ce, "'Ya'yana, baƙo makaho ne ko da idonsa. Me ya hana ku tambaya?"

Maganarsa tana da tushe. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, su sauka a kasuwar Salaga, daga baya kuma Kumasi, ba sa sauka a inda suka ga dama. Kowane ayari yana da maigidansa a zango. Shi zai ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan rigima ta taso. Maigidan da ya ci amanar baƙo sau ɗaya, labarinsa zai riga shi isa Kano. Wato dai tun da can, shaidar mutane ake bi wajen zaɓen masauki.

Dattijon ya haɗa mu da ɗansa, muka zaga otal uku da ƙafarmu kafin la'asar, muka zaɓi ɗaya. A wannan zagayen muka koyi abubuwan da za mu faɗa muku.

Wane ne matsakaicin otal?

Otal hawa-hawa ne. Akwai manya masu wurin ninƙaya da ɗakunan taro, waɗanda kuɗin kwana ɗaya a cikinsu zai iya cinye guzurin tafiyar baki ɗaya. Akwai kuma na ƙasa, inda katifa da fanka kawai ake sayar maka. Matsakaici yana tsakani, galibi mai tauraro biyu ko uku: ɗaki mai banɗakinsa a ciki, zanin gado wankakke, ruwa, wuta, maigadi a ƙofa, da ma'aikaci a teburin karɓar baƙi dare da rana. Ɗalibi ba ya buƙatar fiye da haka, bai kuma kamata ya yarda da ƙasa da haka ba. A Ghana, Hukumar Yawon Buɗe Ido ce ke ba otal-otal lasisi, don haka ba laifi ba ne ku nemi ganin takardar.

Unguwa kafin ɗaki

Ku fara da tambayar abin da ya kai ku garin. Mu fadar Manhyia muka je gani, wadda aka gina a 1925 bayan dawowar Sarki Prempeh na ɗaya daga gudun hijirar dole a tsibiran Seychelles, sai kasuwar Kejetia da jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah. Otal ɗinmu na farko yana can bayan gari, na biyu kuwa mota ɗaya ce tsakaninsa da tsakiyar birni. Ku buɗe taswira a waya ku duba nisan. Sannan ku tambayi ɗan gari abin da taswira ba ta faɗa: ana iya tafiya a unguwar bayan isha? Akwai masallaci ko coci kusa? Akwai kantin magani? Akwai gidan rawa a maƙwabta?

Gani ya kori ji

Kada ku biya kuɗin dukkan kwanaki kafin ku ga ɗaki. Idan dole sai an ba da kafin alƙalami, ku ba da na kwana ɗaya, kuma a rubuto muku sharaɗin mayar da kuɗi idan kun fasa. Idan kuna da wani a garin, ku roƙe shi ya je ya duba, ya ɗauko muku hoto da wayarsa. Idan kuna karanta ra'ayoyin baƙin da suka taɓa sauka, ku fi mai da hankali kan na baya-bayan nan da kuma masu ƙorafi. Mutum ɗaya zai iya yin son zuciya, amma idan biyar suka ce ba ruwa, to ba ruwan.

Ku shirya tafiyarku yadda za ku isa da rana. Wanda ya isa tsakar dare ba ya da zaɓi, abin da aka ba shi zai karɓa. Da kun isa, ku ce a nuna muku ainihin ɗakin da za ku kwana. Ku murɗa famfo, ku kunna fitila da fanka, ku gwada makulli da sakata daga ciki. Ku ɗaga zanin gado ku duba ɗinkin katifa, domin a nan kuɗin cizo ke ɓuya. Ku duba ko tagogi suna da raga, don zazzaɓin cizon sauro bai san baƙo ba. Ku tambayi ko akwai janareto da kuma lokacin da ake tayar da shi. Mutanen Ghana har suna suka raɗa wa ɗauke wuta, "dumsor", wato kashe-kunna a harshen Twi. Duk wannan bincike bai wuce minti biyar ba, kuma otal ɗin kirki ba ya jin haushinsa. Wanda ya hana ku ganin ɗaki ya riga ya ba ku amsa.

Ɗan lissafi

'Yan ajin lissafi, ga naku. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai. A ce ɗakin mutum biyu a otal na farko sidi 250 ne, ba karin kumallo, kuma yana da nisa. Kowane ɗalibi zai kashe sidi 30 a abincin safe da 40 a mota. Jimilla: 250 da 60 da 80, wato 390. Otal na biyu sidi 350 ne har da karin kumallo, kuɗin mota kuma 10 ga kowa. Jimilla: 370. Kun ga mai tsadar ne ya fi sauƙi. Shi ya sa aka ce araha ba ta ado.

Ku kuma tambaya ko farashin da aka faɗa ya haɗa da haraji, domin a Ghana ana ɗora haraji a kan kuɗin ɗaki, ciki har da kashi 1 cikin 100 na yawon buɗe ido. Idan kuna da yawa ku nemi ragi, ba abin kunya ba ne. Duk abin da kuka biya ku karɓi rasit mai ɗauke da yawan ɗakuna da kwanaki.

Zama a otal

Samun ɗaki mai kyau rabin aiki ne, sauran yana hannunku. Mu mun raba yara, mata da malamarsu a hawa ɗaya, maza a wani, kowa ya san lambar ɗakin malaminsa. Dokokinmu ba su da yawa. Ba a buɗe wa wanda ba a sani ba ƙofa, ko da ya ce ma'aikaci ne, sai an tabbatar daga teburin karɓar baƙi. Ba a gaya wa baƙon fuska lambar ɗaki, ba a kuma saka ta a Facebook ko WhatsApp. Ba a fita sai da izini, kuma mutum uku-uku. Fasfo duka suna hannun malami, kowa na riƙe da kwafin nasa da katin otal mai ɗauke da adireshi, saboda ko da ɓata. A daren farko muka zaga da su suka ga matattakalar fita idan gobara ta tashi.

Ku sha ruwan gora ko na leda. Idan ba ku san irin naman da ke cikin abinci ba, ku tambaya kafin ku ci. Ba za ku yi kewar gida sosai ba, domin da safe za ku samu koko da ƙosai, da rana ga "waakye", shinkafa da waken da sunansa ma daga Hausa ya fito, ga kuma tuwon zafi. Ku tafi da butarku da sallayarku, ku tambayi alƙibla. Kada ku manta ku mayar da agogo baya da awa ɗaya, don Najeriya na gaban Ghana. Wani yaronmu ya sauko neman shayi ƙarfe shida a agogonsa, ya tarar ko murhu ba a kunna ba.

Sai ladabi. Masu shara da masu kawo abinci sa'annin iyayenku ne da yayyenku, ku gaishe su, ku gode musu. Kada a yi guje-guje a baranda ko ihu da dare, akwai wanda ya biya kuɗinsa don ya huta. Tawul da bargo ba tsaraba ba ne. Idan kun fasa wani abu ku faɗa da bakinku. A can ba wanda ya san sunanku, "yaran Najeriya" za a ce, kuma da halinku za a auna waɗanda za su zo bayanku.

Ranar tafiya, yawancin otal-otal ƙarfe 12 na rana suke so a bar ɗaki, wanda ya wuce lokaci yana iya biyan ƙari. Ku haɗa kaya tun da dare, ku leƙa ƙarƙashin gado da bayan ƙofar banɗaki, ku cire caja daga bango, ku karanta takardar kuɗi layi-layi kafin a biya.

Da za mu bar Kumasi mun koma Zango mun yi wa dattijon nan sallama, ya ba mu goro mu kai gida. Har yanzu idan muka haɗu da ɗaya daga cikin ɗaliban, sai ya tuna mana cewa muna da bashin tafkin Bosomtwe a wuyanmu. Gaskiyarsu ce.

Saboda haka, ƙanwarmu ta Zariya, ki fara da neman wanda ya san garin, ko a cikin 'yan kasuwar unguwarku ba za a rasa mai ɗan'uwa a Ghana ba. Ki rubuta tambayoyinki a takarda, kuma kada kwamitinku ya saki kuɗin iyaye sai ido ya gani. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin gida na wannan mako: ku ɗauka ku 12 ne za ku kwana uku, mutum biyu a kowane ɗaki. Ku yi amfani da alƙaluman da ke sama ku lissafa nawa za ku rage idan kuka zaɓi otal na biyu. Ku aiko mana da amsa tare da sunan makarantarku.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.