Daga tukunyar daddawa zuwa ƙwayar magani

Duk wanda ya ratsa kasuwar Filinge, hancinsa zai nuna masa inda masu daddawa suke zaune. Matan Kurfai sun gaji wannan sana'a kaka da kakanni: a dafa gurguzun yakuwa, a rufe shi 'yan kwanaki har ya ruɓa, ya zama daddawar batso. Mai yin wannan aiki cikin duhun tukunya wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, wadda masana ke kira Bacillus subtilis. To, danginta ya shiga aikin haɗa magani.

Ga yadda abin yake. Tun 1848 Luwi Pastar na Faransa ya gano cewa wasu sinadarai tagwaye ne kamar takalmin dama da na hagu: kama ɗaya, nauyi ɗaya, amma kowane da ƙafarsa. Haka naproxen yake, maganin ciwon gaɓɓai da na baya. Ɗaya daga cikin tagwayen shi ke kashe ciwo. Ɗan'uwan nasa ba ya da ƙarfin kirki, kuma ana zarginsa da cutar da hanta. Idan aka haɗa sinadarin a masana'anta ba tare da dabara ba, rabi da rabi suke fitowa, raba su kuwa sai an sha wahala.

A shekarun 1980 masana na kamfanin Gist-brocades na ƙasar Holan suka samo wani nau'in Bacillus subtilis mai fitar da sinadarin da ba ya kama kowa sai tagwai mai amfani. Yana tsince shi cikin ruwa mai ɗumi, ba wuta mai tsanani, kamar yadda mace ke tsince tsakuwa daga wake. A 1992 hukumar magunguna ta Amurka ta buƙaci masu sabon magani su binciki kowane tagwai daban.

Abin lura ga ɗan kasuwa da ma'aikaci shi ne: wannan bambanci ido ba ya ganinsa, harshe ba ya ɗanɗana shi. Mai sayen daddawa yana sansanawa ya san mai kyau. Mai sayen ƙwaya a faifan talla, wadda ta yini cikin ranar Kurfai, ba ya da abin dogara sai launin kwali. Wanda bayansa ya riƙe, hanyar likita da farmasi ta fi masa, ko da kuɗin ya ɗara.